Babi na Bakwai: Sankarar da Ke Yin Sallama

A shekarar 2022, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a faɗin duniya, kuma ta yi ajalin kusan 350,000. In aka raba wannan adadi bisa kwanakin shekara, kusan mace dubu ɗaya ke nan ake kai wa makwanci kowace rana ta Allah. Abin da ya fi adadin tayar da hankali shi ne inda ake mutuwar. A cikin kowace mace ɗari da cutar ta kashe, 94 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma ƙasashen da ta fi yi wa katutu, irin su Eswatini da Zambiya da Malawi da Zimbabuwe da Tanzaniya, duk a nahiyarmu suke. Sankarar mama ba ta ƙyale matar attajiri ba, ba ta ƙyale matar talaka ba. Ita kuwa wannan ta kusa zama cutar matan talakawa zalla, domin a ƙasashe masu hali an daɗe da tare mata hanya, a wajenmu kuma har yau hanyar a buɗe take.

Bakin mahaifa shi ne ƙasan mahaifa, wurin nan da ke tsuke tsawon wata tara yana riƙe da ɗa, sai ranar naƙuda ya buɗe. Shi ungozoma ke aunawa da yatsu ta ce da saura, ko ta ce haihuwa ta zo. A kan fatar wannan ɗan wuri cutar ke tsirowa, kuma kusan dukkanta ƙwayar cuta guda ce ke haddasa ta, wadda ake kira HPV. An daɗe ana zargin cewa cutar tana da nasaba da saduwa. Tun a 1842 wani likita a birnin Verona na ƙasar Italiya, mai suna Rigoni-Stern, ya bi rajistar mamata ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kama matan aure da waɗanda mazansu suka mutu, ba kasafai take kama matan coci masu zaman ibada ba aure ba. Amma sai da aka yi shekara 140 kafin a kama ainihin mai laifin. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya kafe a kan HPV a lokacin da yawancin masana suka karkata ga wata ƙwayar daban, har shi da abokan aikinsa suka zaƙulo nau'i na 16 a 1983, da nau'i na 18 a 1984, daga cikin tsokar da aka yanko a jikin masu cutar. Nau'o'in HPV sun haura 200, yawancinsu ba sa ɓarna, amma waɗannan biyun kaɗai su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008.

A nan dole in tsaya in faɗi wata magana, domin da zarar an ce cuta ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, sai zukatan mutanenmu su tafi wani wuri. HPV ba cutar mata masu zaman kansu ba ce. Tana cikin ƙwayoyin cuta mafiya yaɗuwa a duniya, har masana na cewa kusan duk wanda ya san aure, namiji ko mace, zai gamu da ita wata rana a rayuwarsa. Namiji yana iya ɗauke da ita bai sani ba, ba ƙurji, ba zafi, ba komai. Mace da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samu daga gare shi, shi kuma wataƙila ya samo ne daga wani auren da ya mutu shekaru da suka wuce. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ƙwayar na iya zagaya ɗakunan duka ba tare da wani ya aikata alfasha ba. Duk wanda ya ɗauki wannan cuta a matsayin shaidar lalata ya zalunci mara lafiya, ya kuma rufe bakin wadda ke shirin faɗin abin da ke damunta.

Mafi yawan lokaci jiki ne ke korar ƙwayar da kansa. Kusan tara cikin goma na waɗanda suka ɗauka sukan rabu da ita cikin shekara biyu, ba magani, ba su ma san ta zo ba. Matsalar tana wajen 'yan kaɗan ɗin da ta maƙale wa. A jikinsu takan zauna tana sauya ƙwayoyin halittar fatar bakin mahaifa a hankali, har wani ɗan tabo ya bayyana wanda bai zama sankara ba tukuna amma ya kama hanya. Daga kamuwa zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mace mai raunin garkuwar jiki, musamman mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, tafiyar takan gajarta zuwa shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Saduwa da ƙuruciya sosai, da haihuwa da yawa, da shan taba, duk suna ƙara wa ƙwayar ƙarfin zama. Yawancin cututtukan daji dirar mikiya suke yi wa mutum. Wannan kuwa kamar baƙo take mai tsayawa a zaure yana ta kwaɗa sallama shekara da shekaru kafin ya sa kai cikin gida. Duk maganar rigakafinta a kan wannan tsayuwa ta zaure aka gina ta.

Wanda ya fara cin moriyar wannan jinkiri shi ne George Papanicolaou, likita ɗan asalin ƙasar Girka da ke aiki a birnin New York. Ya nuna cewa in aka shafo ɗan ruwan bakin mahaifa aka ɗora a gilashi aka duba da madubin likita, ana iya ganin ƙwayoyin da suka fara lalacewa tun kafin mace ta ji komai. Ya gabatar da wannan a 1928 ba a kula shi ba, sai bayan littafin da suka fitar da Herbert Traut a 1943 likitoci suka karɓa. Ƙasashen da suka mayar da gwajin al'ada, kamar Amurka da Finland da Ingila, sun ga mace-macen wannan cuta sun ragu da fiye da rabi.

Sai dai gwajin yana da sharuɗɗan da talaka ba ya iya cikawa. Yana buƙatar ɗakin bincike, da ƙwararren da zai karanta gilashin, da hanyar kai samfur da dawo da sakamako, sannan a maimaita bayan 'yan shekaru. Uwa uba, yana buƙatar mace ta zo sau uku ko huɗu: ranar ɗauka, ranar karɓar sakamako, ranar ƙarin bincike, ranar magani. Macen da ke zaune nisan kilomita 40 daga babban asibiti, wadda kowace fita sai ta nemi izini da kuɗin mota da mai riƙe mata yara, kuma ba abin da ke mata ciwo, zuwa ɗaya ma ƙoƙari ta yi. Ƙasashe da yawa a Afirka da Asiya sun kwaikwayi tsarin Turai, sun kashe kuɗi, ba abin da ya sauya, domin a tsakanin zuwa na farko da na biyu matan ke ɓacewa.

Mafita ta zo daga abin da ba wanda ya zata, wato ruwan khal, wannan mai tsami da mata ke zubawa a haɗin salak. Ga yadda ake yi. Mace ta kwanta a gadon awo, an rufe ta da zane. Ma'aikaciyar jinya ta sa ɗan ƙarfen da ke buɗe gaba, ta haska fitila har ta hango bakin mahaifa, jajir yake, sumul, mai ɗan rami a tsakiya. Sai ta tsoma auduga a ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ta shafa, ta dubi agogo. Minti ɗaya cur ake jira. Lafiyayyar fata ba ta sauya launi. Wurin da ya fara lalacewa kuwa sai ya yi fari, mai iyaka a fili, kusa da bakin ramin. Ba a kai komai ɗakin bincike ba, ba a ce ta dawo wani mako ba. Kafin ta ɗaura zanenta ta san matsayinta, kuma in tabon ƙarami ne, a kan gadon nan za a kashe shi.

An gwada wannan hanya a kan dubban mata a Indiya. A gundumar Dindigul ta jihar Tamil Nadu, binciken da Dakta Sankaranarayanan na cibiyar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon ya jagoranta ya nuna a 2007 cewa mutuwa ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi gwajin. A unguwannin talakawa na Mumbai, Dakta Surendra Shastri na asibitin Tata ya bi mata kimanin 150,000 tun daga 1998, kuma a 2013 ya bayyana raguwar kashi 31 cikin 100. Abin da ya fi burge ni a aikin Mumbai shi ne masu yin gwajin. Ba likitoci ba ne, matan unguwa ne masu ilmin sakandare da aka horar na 'yan makonni.

A nahiyarmu, Zambiya ce ta fi nuna yadda ake mayar da wannan dabara aikin yau da kullum. A 2006 aka fara a ƙananan asibitocin Lusaka, ƙarƙashin jagorancin likitoci irin su Groesbeck Parham da Mulindi Mwanahamuntu, kuma dalilin farawar mai taɓa zuciya ne. Maganin rage kaifin ƙanjamau ya iso, mata sun daina mutuwa da ita, sai ga su suna mutuwa da sankarar bakin mahaifa. Aka buɗe ɗakunan gwaji a cikin asibitocin da matan suka saba zuwa, aka damƙa aikin a hannun ma'aikatan jinya, aka haɗa su da kyamara. Bayan shafa khal sai a ɗauki hoton bakin mahaifar a nuna wa mai shi a allo, ta ga farin tabon da idonta. In ma'aikaciyar ta yi kokwanto sai ta aika hoton ga likita. Macen da ta ga abin da ke jikinta ba ta buƙatar dogon lallashi kafin ta yarda a yi mata magani.

Maganin ma ya samu sauƙi. Da farko daskarar da tabon ake yi da iskar gas mai tsananin sanyi, amma tukunyar gas ɗin tana da nauyi, tana ƙarewa, kuma cika ta a ƙauye aiki ne ja. Yanzu akwai wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, mai aiki da batir, wadda kanta ke yin zafi har maki 100. Ana ɗora shi a kan tabon na daƙiƙa 20 zuwa 40, shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2019. Mace za ta ji ɗan murɗawar mara, za ta ga ruwa na zuba na wasu makonni, za a ce ta ƙaurace wa shimfiɗar miji kamar wata guda. Mahaifarta tana nan, haihuwarta tana nan. Tabon da ya yi faɗi ne kaɗai ake tura wa babban asibiti a shafte shi da wata 'yar waya mai lantarki.

Gwajin khal yana da nasa rauni, kuma gaskiya ce a faɗe shi. Ya dogara da idon mai dubawa. Wata za ta ga fari inda babu cuta, wata ta tsallake inda take, kuma ga macen da ta daina al'ada wurin da ake nema yakan shige ciki ido ba ya kai masa. Shi ya sa tun 2021 Hukumar Lafiya ta fifita gwajin da ke neman ita kanta ƙwayar HPV, daga shekara 30 da haihuwa, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, masu ɗauke da ƙanjamau kuma daga shekara 25, bayan kowace shekara 3 zuwa 5. Wani bincike a gundumar Osmanabad ta Indiya ya nuna a 2009 cewa yin wannan gwaji sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi. Ga matanmu yana da wata falala ta daban. Mace na iya ɗaukar samfurin da kanta, ta shiga makewayi da ɗan tsinke mai auduga, ta fito ta miƙa a kwalba, ba wanda ya ga tsiraicinta. Na'urar GeneXpert da aka riga aka raba wa asibitoci da yawa don gwajin tarin fuka tana iya karanta shi cikin kamar awa guda. Tsada ce har yanzu ke hana shi yaɗuwa, don haka inda bai kai ba, khal ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba.

Wani abu da nake gani yana yawaita, kuma ba na jin daɗinsa, shi ne gangamin gwaji kyauta na yini ɗaya. A kafa rumfa, a raba riguna, a ɗauki hotuna, a duba mata ɗari biyu, a ce wa goma sha biyar an ga wani abu su je babban asibiti, a naɗe rumfa a tafi. Su waɗannan goma sha biyar ɗin an ɗora musu fargaba, ba a ba su magani ba, kuma yawancinsu ba za su je ko'ina ba. Gwajin da babu magani a bayansa bai ceci kowa ba. Duk mai niyyar alheri da ke son kashe kuɗi a wannan fage, ya sayi na'urar ƙona tabo, ya horar da ungozoma biyu a asibitin garinsu, ya tabbata ɗakin na buɗe kowane mako.

Gwaji na iyaye mata ne. 'Ya'yansu kuwa an samo musu abin da ya fi shi. A farkon shekarun 1990 masana da dama, cikinsu har da Ian Frazer da Jian Zhou a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, suka gano yadda za a ƙera ɓawon ƙwayar HPV wanda babu komai a cikinsa. Jiki na ganinsa sai ya ɗauka ƙwayar ce ya tanadi makamai, alhali ɓawon ba ya iya haifar da cuta. Daga nan allurar Gardasil ta fito a 2006, Cervarix ta biyo baya a 2007. Sakamakon da aka gani daga baya ya wuce yadda aka yi tsammani. A Suwidin, binciken mata kusan miliyan 1.7 da aka buga a 2020 ya nuna raguwar sankarar da kashi 88 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa allurar kafin su cika 17. A Ingila an samu kashi 87 ga waɗanda aka yi wa suna 12 zuwa 13. A Sukotlan, rahoton 2024 bai samu ko mace ɗaya da sankarar ba a cikin waɗanda suka karɓi allurar a waɗannan shekarun. Allurar tana hana kamuwa ne, ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, shi ya sa ake yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14, tun kafin aure.

Amma a farko allurar ta tafi inda aka fi ƙarancin buƙatarta. Sau uku ake yi, kowace ta haura dala 100 a Amurka. Wace ma'aikatar lafiya a Afirka za ta iya? Ƙasar da ta fara ƙin jira ita ce Ruwanda, shekara 17 kacal bayan kisan ƙare-dangin 1994 da ya rusa mata asibitoci ya kashe ko ya kori ma'aikatan lafiyarta. A 2011 gwamnatinta ta yi yarjejeniya da kamfanin Merck ya ba ta allurai miliyan 2 kyauta cikin shekara uku, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta yi wa 'yan matanta a faɗin ƙasa. Akwai masanan da suka soki matakin, suna ganin ƙasa matalauciya tana da matsalolin da suka fi wannan gaggawa, kuma kyautar kamfani tarko ce. Ministar lafiya ta lokacin, Dakta Agnes Binagwaho, ta tsaya kai da fata a kan cewa ran yarinyar Ruwanda bai fi na yarinyar Turai araha ba.

Kyautar allura kaɗai ba ita ta yi aikin ba, shiri ne ya yi. Sun zaɓi 'yan matan aji shida na firamare, domin kusan kowace yarinya a ƙasar tana makaranta. Kafin a taɓa kowa, an zauna da malaman makaranta da shugabannin addini da masu unguwanni, an yi ta bayani a rediyo, an faɗa wa iyaye ranar da dalilin. Yarinyar da ba ta zo ba ranar allura, ko wadda ba ta makaranta, ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda yawansu ya kai kimanin 45,000 kuma maƙwabta ne suka zaɓe su, su ke bin ta har gida. A shekarar farko kashi 93 cikin 100 na 'yan matan da aka nufa sun karɓi allurai ukun cif, adadin da Amurka da Faransa ba su kusance shi ba a lokacin.

Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa. A 2013 ƙawancen Gavi mai tallafa wa ƙasashe matalauta da rigakafi ya samo farashin dala 4.50. Kamfanonin Sin da Indiya suka shigo da nasu. Sai kuma aka gano cewa allura ɗaya ta isa, kuma wani ɓangare na hujjar da tsautsayi aka same shi. A Indiya an fara wani bincike a 2009, gwamnati ta dakatar da gwaje-gwajen allurar a 2010, dubban 'yan mata suka tsaya a kan allura ɗaya. Da aka bi su shekara goma, sai aka tarar kariyarsu daidai take da ta waɗanda suka karɓi biyu ko uku. Wani gwaji a Kenya ya tabbatar da kariyar kusan kashi 98 cikin 100 daga nau'i na 16 da na 18, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta amince da allura ɗaya. Ga ƙasar da ba ta da halin bin yarinya sau uku, wannan ya rage kuɗi da wahala ƙwarai. Tun 17 ga Nuwamban 2020 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2030 za a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani.

Nijeriya, inda a 2020 aka ƙiyasta mata 12,000 sun kamu 8,000 sun mutu, ta shiga sahu ranar 24 ga Oktoban 2023, da jihohi 15 da Abuja, cikinsu har da Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi da Adamawa. Sauran jihohi 21 sun biyo baya a watan Mayun 2024. Ba a yi nisa ba saƙonnin murya suka fara yawo a WhatsApp, ana cewa allurar hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa mata kaɗai, me ya sa kyauta. Ba na raina masu wannan tambaya. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tambaya tana da amsa. Wannan allura ba gwaji ake yi da 'ya'yanmu ba, ƙasashe masu arziki ne suka fara yi wa nasu, mu muka zo a ƙarshe, bayan an raba fiye da allurai miliyan 500 a duniya. 'Yan matan da aka yi wa a 2007 a Ostireliya yau iyaye ne. Kwamitin Hukumar Lafiya mai sa ido kan lafiyar rigakafi ya bincika zargin rashin haihuwa bai samu alaƙa ba. An fara da mata ne don su ne ke mutuwa kuma allurar ba ta wadata ba, ƙasashe masu hali maza ma suna yi musu. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne ita sankarar, ranar da aka ce sai an cire mahaifa.

Kuma jita-jita ba talaka kaɗai take kayarwa ba. A Japan, bayan rahotannin talabijin masu tayar da hankali, gwamnati ta janye kiran da take yi na a karɓi allurar a 2013. Masu karɓa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Bincike bai tabbatar da zargin ba, aka dawo da kiran a 2022, bayan an shafe kusan shekara tara 'yan mata ba kariya.

Saura waɗanda cutar ta riga ta shigar musu gida, kuma su ne suka fi damuna. Alamar farko yawanci jini ne: ɗan jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini ya dawo wa macen da ta daɗe da dainawa. Sai ruwa mai wari da ba ya jin magani. A garuruwanmu macen da ta ga haka takan fara da cewa sanyi ne, ta aika kemis a haɗo mata ƙwayoyi, ta sha jiƙo, ta yi tsarki da ruwan bagaruwa. In jinin ya ƙi tsayawa sai ta aika a tambayo mata malam hukuncin salla da azumi, a ce jinin istihala ne, ta yi tsarki ta yi sallarta. Amsar daidai ce ta fuskar ibada, amma da malam zai ƙara da cewa jinin ciwo ne, ta je a duba ta, da an ceci rayuka masu yawa. Daga nan zancen jifa da sammu ya shigo, a fara kallon kishiya. Kafin a kai ta asibiti warin ya sa ta daina shiga mutane, an ware mata ɗaki, ciwon ya ci mafitsara ko ya toshe hanyar ƙoda.

A wannan mataki sai gashi da na'ura da ƙarin ruwan maganin daji, su kuwa na'urorin gashi a Afirka ƙidayarsu ba ta da wuya. A da Yuganda guda ɗaya tak gare ta a asibitin Mulago, ta lalace a 2016, sai a 2018 aka samu madadinta. Nijar ba ta samu cibiyar gashi ta farko ba sai a 2021, a Yamai. Iyali su sayar da gona da dabbobi, su yi jiran layi wata da watanni, sau da yawa kuma lokaci ya riga ya ƙure. Macen da ake rasawa galibi 'yar shekara arba'in da wani abu ce, mai 'ya'ya a gabanta, ita ce mai tuwo, ita ce mai kuɗin makaranta. A cikin yaran da cutar daji ta raba da iyayensu mata a duniya, ɗaya cikin biyar wannan sankarar ce ta mayar da shi maraya.

A gidajenmu da yawa maigida ne ke cewa a je ko kada a je, don haka da ku nake, iyaye maza da mazajen aure. In kana da 'ya tsakanin shekara 9 da 14, ka kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ka tambayi allurar HPV, a Nijeriya kyauta ce kuma sau ɗaya ake yi. In matarka ta kai 30, ka ba ta izini da kuɗin mota ta je a duba bakin mahaifarta ko da lafiyarta ƙalau, in an ce ku haƙura da juna na wata guda bayan magani, ka haƙura. In kuwa ta taɓa ce maka tana ganin jini bayan kun sadu, ko ka ji mahaifiyarka na cewa al'ada ta dawo mata bayan shekaru, kada ka jira girbi, kada ka jira albashi, ka kai ta cikin wannan makon.